Sabo Ne Ko Gado? Yadda Mutanen Tibet Ke Rayuwa a Inda Iska Ba Ta Isar Baƙo

Wani mai karatu ya aiko da tambaya yana cewa ya ji labarin mutanen Tibet, wani yanki na ƙasar Sin, waɗanda ke zaune a kan tudun da ya haura mita 4,000, suna kiwo suna noma suna hayayyafa, alhali baƙon da ya sauka a can daga jirgi yakan kwana da haki da ciwon kai. Yana so ya san ko sabo ne kawai, irin wanda kowa zai samu idan ya daɗe a wurin, ko kuwa akwai wani abu da suka gada a jininsu. Ya ƙara da cewa, shin idan mutumin Kano ya ƙaura can ya yi iyali, 'ya'yansa za su tashi kamar 'yan ƙasar?

Malam mai tambaya, akwai sabo kuma akwai gado, amma ba hanya ɗaya suke bi ba, har ma a wani muhimmin wuri sun yi hannun riga. Jikin baƙo yana maganin ƙarancin iska ne ta hanyar ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, shi kuwa ɗan Tibet abin da ya gada shi ne jikin da ba ya zaƙewa wajen ƙara su. A nan ne mutane da yawa ke fahimtar al'amarin a baibai, domin abin da hankali ke fara ba mutum shi ne wanda ke zaune a kan tsauni dole ya fi kowa jini.

Bari mu fara da iskar kanta. Ana yawan cewa babu oksijin a kan tsauni, wannan kuwa bai cika daidai ba, domin kason oksijin a cikin iska, wato kusan kashi 21 cikin 100, ɗaya ne a bakin tekun Legas da kuma ƙololuwar Everest, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a duniya. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar: gwargwadon hawan mutum, gwargwadon yadda iskar ke yin shara-shara, ta yadda kowane numfashi yake shigo da oksijin kaɗan, ƙarfin da ke tura shi daga huhu zuwa cikin jini kuma yake raguwa. A Lasa, babban birnin Tibet, mai tsayin kusan mita 3,650, numfashi ɗaya yana kawo kimanin kashi biyu cikin uku na abin da zai kawo a bakin teku. A mita 4,000 abin ya sauko wajen kashi 60 cikin 100. A kan Everest kuwa, mita 8,849, kashi ɗaya cikin uku ne ya rage. Matsalar takan fara bayyana ne daga wajen mita 2,500, shi ya sa ba mu san ta a wurarenmu ba, tunda Jos ba ta wuce kimanin mita 1,200 ba, kuma Chappal Waddi ta jihar Taraba, wadda babu tsaunin da ya kai ta a Najeriya, tsayinta kimanin mita 2,400 ne. A Tibet kuwa, jirgin ƙasan da ya fara zuwa Lasa a 2006 yana ratsa mashigar Tanggula da ta haura mita 5,000, har sai da aka tanadi hura oksijin a cikin taragai saboda fasinjoji.

Idan baƙo ya isa irin wannan wuri, cikin mintuna numfashinsa yake ƙaruwa, zuciyarsa ta ƙara sauri. Bayan wasu awanni sai ciwon kai da jiri da tashin zuciya da rashin barci su biyo baya, kuma a wasu tsirarun mutane ruwa yakan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, wanda hakan na iya kisa idan ba a gaggauta sauko da su ba. Ƙoda ce ke sa ido a kan yawan oksijin da ke cikin jini, kuma da zarar ta ga ya yi ƙasa sai ta ƙara sakin wani sinadari da ake kira EPO, wanda ke zuwa ɓargo ya sa shi ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Cikin 'yan makonni sai himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a cikin waɗannan ƙwayoyi, ya ƙaru, mutum ya fara jin dama-dama. Wannan shi ne sabo, kuma shi ne abin da masu tsere daga Turai ke zuwa nema a garin Iten na Kenya kafin manyan gasanni. Ranar da mutum ya sauko, cikin makonni jininsa yake komawa yadda yake, kuma babu abin da zai gadar wa ɗansa daga ciki.

Dabara ce mai kyau ga wanda zai yi wata uku ya tafi, amma ga wanda zai yi shekara 40 tana iya zama cuta. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin zuƙo kunu mai kauri da tsinken shan lemo ya san abin da zuciya ke fuskanta idan jini ya yi kauri: ƙwayoyin da ke ɗauke da oksijin sun yi yawa, amma tura su cikin ƙananan jijiyoyi ya zama aiki. Likitan nan ɗan ƙasar Peru, Carlos Monge, shi ne ya fara bayyana wannan ciwo a shekarun 1920 a tsakanin mazauna tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, har yau kuma ana kiran ciwon da sunansa. Mai fama da shi za ka ga leɓɓansa da farcensa sun yi shuɗi-shuɗi, idanunsa sun yi jawur, kullum yana cikin ciwon kai da kasala da mantuwa, daga baya ɓangaren dama na zuciyarsa ya gaza saboda matsin da ya taru a jijiyoyin huhu. A garin masu haƙar ma'adinai na Cerro de Pasco, mai tsayin kusan mita 4,300, wani lokaci abin da ake yi wa irin waɗannan majinyata shi ne a ɗebe musu jini don a rage kaurinsa, in kuwa ana son waraka ta gaske sai dai mutum ya bar garin ya sauka ƙasa.

Da yake a Andes aka fara nazarin mutanen tsauni, an daɗe ana ɗauka cewa jini mai yawan himogulobin shi ne tambarin duk wanda kakanninsa suka zauna a sama. Wata masaniya 'yar Amurka mai suna Cynthia Beall, ta Jami'ar Case Western Reserve, tana cikin waɗanda suka rushe wannan zato. Ita da abokan aikinta sun auna jinin 'yan ƙabilar Aymara na Bolibiya da na mutanen Tibet da ke zaune a tsayi kusan ɗaya, wajen mita 4,000, sai suka tarar da cewa mazan Aymara suna da himogulobin kimanin giram 19 a ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, mazan Tibet kuwa ba su kai giram 16 ba, adadin da idan aka gan shi a takardar gwajin mutumin Zariya ba wanda zai ɗaga gira. Haka kuma 'yan ƙabilar Han, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar Sin, idan suka ƙaura tudun sukan kamu da ciwon kaurin jini ninki da yawa fiye da 'yan asalin wurin, duk da cewa iska ɗaya suke shaƙa.

To da me ɗan Tibet ke cike giɓin? Da farko yana numfashi fiye da baƙon da ya daɗe a wurin, kuma fiye da mutumin Andes, ko da yana zaune ba ya aikin komai. Na biyu, jijiyoyin huhunsa ba sa tsukewa da yawa idan oksijin ya yi ƙasa, saɓanin na sauran mutane, don haka zuciyarsa ba ta shan wahalar tura jini ta cikin huhu. Abu na uku shi ya fi ba da mamaki. A wani bincike da aka wallafa a 2007, an gwada mutanen Tibet da ke zaune a mita 4,200 da Amurkawan da ke zaune kusa da matakin teku, aka ga jinin da ke gudana a damtsen 'yan Tibet ya ninka na Amurkawan fiye da sau biyu ba tare da hawan jini ba, sannan burbushin wani sinadari mai buɗe jijiyoyi, naitirik oksaid, ya ninka a jininsu fiye da sau goma. Ke nan kowane ɗigon jininsu bai fi na kowa ɗaukar oksijin ba, sau da yawa ma bai kai ba, amma yana kai-komo da sauri a hanyoyi masu faɗi. An kuma ga a tsokar 'yan Sherpa na Nepal, waɗanda kakanninsu daga Tibet suka fito, cewa tana samar da ƙarfi da oksijin kaɗan fiye da tsokar mutanen ƙasa. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutum irin Ang Rita Sherpa ya iya hawa Everest sau goma ba tare da tukunyar oksijin ba, kodayake bai kamata a manta da horo da juriyar shekaru da ke bayan irin wannan bajinta ba.

Kafin a gane inda gadon yake, sai an san yadda jiki ke auna oksijin tun farko. A cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu ana ƙera wani furotin mai suna HIF ba dare ba rana, kuma ana rusa shi ba dare ba rana. Mai yi masa alamar rusawa wani furotin ne daban, wanda ba ya iya aikinsa sai da oksijin. Muddin oksijin ya wadata, ana yi wa HIF alama a lalata shi cikin mintuna, ba ya samun sukunin yin komai. Da zarar oksijin ya yi ƙaranci sai aikin sa alamar ya yi rauni, HIF ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado, ciki har da wadda ke sa ƙoda ta saki EPO. Gano wannan tsari ne ya sa aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2019. Sunaye biyu kawai nake so ka riƙe daga nan: ƙwayar gado mai suna EPAS1 ita ce ke ɗauke da umarnin ƙera ɗaya daga cikin nau'o'in HIF, wadda ake kira EGLN1 kuma ita ce ke ɗauke da umarnin ƙera mai yi masa alama.

A shekarar 2010 rukunonin masana daban-daban, kowanne da tasa hanyar, suka binciki DNA na mutanen Tibet, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, suna neman wuraren da suka bambanta da na maƙwabtansu fiye da kima, sai ga shi sun yi kiciɓis a wuri ɗaya. Wani rukuni da ya haɗa masana na cibiyar binciken ƙwayoyin gado ta BGI da ke ƙasar Sin da Rasmus Nielsen na Jami'ar Kalifoniya ya gwada 'yan Tibet 50 da 'yan Han 40, ya tarar da wani gurbi a cikin EPAS1 wanda wani nau'insa ya kai kashi 87 cikin 100 a wajen 'yan Tibet, amma kashi 9 kacal a wajen Han. Ga al'ummomi biyu da suke kusa ƙwarai ta fuskar asali, irin wannan tazara ba ta faruwa da katari. Rukunin Beall ya nuna cewa masu wannan nau'i na EPAS1 su ne masu ƙarancin himogulobin, rukunin Tatum Simonson na Jami'ar Utah tare da Ge Ri-Li na Jami'ar Qinghai kuma ya nuna EGLN1 da wata ƙwayar mai suna PPARA, wadda ke da hannu a yadda jiki ke ƙona kitse. Abin lura shi ne bambancin da ke cikin EPAS1 bai sauya siffar furotin ɗin ba. Yana wuraren da ke tsara yawan abin da za a ƙera ne, kuma alamu sun nuna rage shi yake yi. Wato ma'aunin yana nan yana aiki, amma an sassauta shi yadda ba zai firgita jiki ba.

Tambayar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce ta yaya wannan nau'i ya mamaye al'umma, domin ciwon kaurin jini yakan kama mutum ne bayan ya manyanta, lokacin da ya riga ya haifi 'ya'yansa, kuma abin da ba ya hana haihuwa ba ya saurin sauya gadon jama'a. A ganina amsar tana wajen mata masu juna biyu da jarirai. Ɗan tayi ba ya numfashi, duk oksijin ɗinsa ta mabiyiya yake samu daga jinin uwa, saboda haka a kan tsauni shi ne na ƙarshe a layin rabo. A yawancin al'ummomi nauyin jariri yana raguwa da kimanin giram 100 a duk hawan mita 1,000, hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga kuma yana ƙaruwa. Marubutan tarihin Potosí, birnin azurfa da Sifaniyawa suka kafa a 1545 a tsayin kusan mita 4,000 a Bolibiya ta yau, sun ruwaito cewa matan Sifaniyawa kan sauka kwaruruka su haihu saboda jariransu ba sa rayuwa a birnin, kuma sai da aka haura shekara 50 kafin a ga ɗan Sifaniyawa da aka haifa a can ya rayu, alhali matan 'yan ƙasa suna haihuwa a gefensu. A Lasa ma an auna an gani: jariran matan Tibet sun fi na matan Han nauyi, jini ya fi gudana zuwa mahaifar uwa 'yar Tibet, kuma a watannin farko bayan haihuwa jinin jaririn Tibet ya fi cika da oksijin, yayin da na Han da yawa kan yi shuɗi lokacin barci ko shan nono.

Beall da abokanta sun bi wannan zare har zuwa yankin Mustang na Nepal, inda suka nazarci mata 417 'yan asalin Tibet, masu shekaru 46 zuwa 86, waɗanda suka gama haihuwa kuma suka yi rayuwarsu a sama da mita 3,500. Sakamakon da suka wallafa a 2024 ya nuna cewa matan da suka fi haifar 'ya'ya masu rai ba su ne masu himogulobin mafi yawa ba, ba kuma masu mafi ƙaranci ba ne; masu matsakaici ne waɗanda himogulobin ɗinsu ke cika sosai da oksijin, kuma ɗakin zuciyarsu na hagu, mai tura jini zuwa jiki, ya fi faɗi. Idan mace mai wannan hali ta raya 'ya'ya biyar, maƙwabciyarta ta raya huɗu, aka yi ta maimaita haka zuriya bayan zuriya, ba sai an kori kowa ko an zaɓi kowa ba, wata rana za a wayi gari yawancin mutanen ƙauyen jikokin ta farkon ne.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga irin wannan lissafi. Ƙwayar sikila ta yawaita a Afirka ta Yamma, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da AS, saboda yaron da ke da AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka ya fi samun damar girma ya haihu. Ba cizon sauro ne ya ƙirƙiro ƙwayar ba, kamar yadda ƙarancin iska bai ƙirƙiro nau'in EPAS1 na Tibet ba. Muhalli ya tarar da bambancin ne a tsakanin mutane, ya fifita wani a kan wani ta hanyar wanda ya rayu da wanda ya rasu yana ƙarami. Bambancin kawai shi ne sikila ta zo da farashi mai tsada ga wanda ya gaje ta daga uwa da uba, ita kuwa ta Tibet ba a ga ta da irin wannan illa ba, shi ya sa ta iya hawa har kusan kashi 90.

Daga ina nau'in ya fito, wannan shi ne ɓangaren da ya ɗaure wa masana kai. Da Emilia Huerta-Sánchez da abokan aikinta suka karanta wannan yanki na DNA harafi bayan harafi, tsawon haruffa kusan 32,700, sai suka ga ya sha bamban da na sauran mutanen duniya ta yadda ba zai yiwu a ce sauye-sauyen sun taru a 'yan dubban shekaru ba. Sun gwada shi da na al'ummomin duniya ba su samu makamancinsa ba, in ban da ɗaiɗaikun 'yan Han, sai da suka gwada shi da DNA da aka ciro daga wani ɗan guntun ƙashin yatsa na wata yarinya, wanda aka tono a 2008 a kogon Denisova da ke tsaunukan Altai na Saiberiya. Nan ne ya dace. Mutanen Denisova wani reshe ne na mutanen dauri, dangin Neanderthal na kusa, waɗanda suka shuɗe dubban shekaru da suka wuce, kuma ɗakin binciken Svante Pääbo a Jamus ne ya fara gano su a 2010 ta hanyar DNA ɗin wannan ƙashi. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa kakannin mutanen gabashin Asiya sun haɗa zuriya da su, kuma ta wannan hanya ce nau'in ya shigo. Gaba ɗaya abin da ɗan Tibet ya gada daga mutanen Denisova bai kai kashi 1 cikin 100 na DNA ɗinsa ba, amma wannan ɗan guntu guda ya samu karɓuwar da sauran ba su samu ba.

Da farko labarin ya zo da wani ƙulli, domin kogon Denisova tsayinsa bai wuce kimanin mita 700 ba, kuma ba a ga abin da mazauna irin wannan wuri za su yi da ƙwayar zaman tsauni ba. Sai a 2019 masanan Jami'ar Lanzhou, Chen Fahu da Zhang Dongju, tare da Jean-Jacques Hublin, suka bayyana wani rabin muƙamuƙi mai manyan haƙora, wanda wani mai ibada na addinin Buddha ya tsinta tun 1980 a kogon Baishiya da ke Xiahe, a gefen tudun Tibet, a tsayin mita 3,280. Shekarunsa aƙalla 160,000, kuma furotin ɗin da aka ciro daga haƙorinsa ya nuna na mutanen Denisova ne; shekara guda bayan haka aka samu DNA ɗinsu a cikin ƙasar kogon. Sai dai ina jan hankalinka kada ka yi saurin ƙulla labarin yadda wasu jaridu suka ƙulla shi, cewa mutanen Denisova sun saba da tsauni sannan suka miƙa wa 'yan Tibet a can sama. Ba a samu DNA a muƙamuƙin ba, don haka bai nuna irin EPAS1 da mai shi ke da shi ba, kuma kasancewar ana samun nau'in jefi-jefi a wajen Han yana nuni da cewa haɗuwar ta faru ne kafin kakannin al'ummomin biyu su rabu, mai yiwuwa a ƙasa.

Batun lokaci ma an sha muhawara a kansa. Binciken 2010 ya ƙiyasta cewa 'yan Tibet da Han sun rabu ne shekaru 2,750 kacal da suka wuce, adadin da masu tonon kayan tarihi suka yi watsi da shi nan take, kuma suna da hujja. A Nwya Devu, mita 4,600, an samu kayan aikin dutse na shekaru 30,000 zuwa 40,000, sannan zama na dindindin da noma a sama da mita 2,500 a arewa maso gabashin tudun ya bunƙasa ne daga wajen shekaru 3,600 da suka wuce, bayan zuwan sha'ir mai jure sanyi. Ƙiyasin da ya biyo baya ya raba abu biyu: shigowar nau'in daga mutanen Denisova, wajen shekaru 48,000 da suka wuce, da kuma fara yaɗuwarsa, wajen shekaru 9,000, kodayake duka adadin biyu suna da faɗin kuskure mai yawa. Ke nan nau'in ya yi dubban shekaru yana yawo a tsakanin tsirarun mutane ba tare da ya amfane su da wani abin a zo a gani ba, har sai da wasu daga cikin masu ɗauke da shi suka hau tudu suka zauna.

Yanzu ga batun ɗan mutumin Kano da aka haifa a Lasa. Zai fi mahaifinsa jin daɗin wurin, domin yaron da ya girma a kan tsauni huhunsa yakan fi girma, kuma an ga haka a 'ya'yan Han da aka haifa a tudun. Amma wannan tasirin girma ne a wurin, ba gado ba ne. Himogulobin ɗinsa zai hau kamar na kowane baƙo, kuma idan mace ce, cikinta zai fuskanci haɗarin da cikin kowace baƙuwa ke fuskanta. Hanya ɗaya ce nau'in zai shiga zuriyarsa, ita ce auratayya da masu shi. Akasin haka ma an gwada: 'yan Tibet da ke zaune a Birtaniya, da masanan Jami'ar Oxford suka sa su shaƙi iska mai ƙarancin oksijin, jikinsu bai mayar da martani da ƙarfi irin na sauran mutane ba, kuma waɗanda aka haifa a ƙasa, idan aka kai su tsauni, sukan riga Turawa sabawa. Idan kuma mai ƙaurar yana da sikila ta SS, to maganar ta wuce ta sabo, domin ƙarancin oksijin shi ne ainihin abin da ke lanƙwasa ƙwayoyin jininsa ya tayar da ciwon.

Mutanen Andes da na Habasha sun fuskanci matsala iri ɗaya, amma kowa da hanyar da ya ɓullo. Amhara na tsaunukan Simien su ma himogulobin ɗinsu ba ya hawa sosai, amma ba su da nau'in EPAS1 na Tibet, wasu ƙwayoyin ne daban ke aiki a wajensu. Na Andes, waɗanda kakanninsu suka isa can shekaru kimanin 12,000 da suka wuce, alamun abin da muhalli ya fifita a DNA ɗinsu sun fi karkata ga zuciya da jijiyoyi da gudanar jini zuwa mahaifa.

Akwai gyara guda da ya kamata a yi wa bayanin da ya yaɗu, har da yadda na faro shi a sama cikin sauƙaƙawa. Gwajin himogulobin na asibiti yana auna kauri ne, wato yawan furotin ɗin a cikin wani ƙayyadadden mudun jini, ba jimillar abin da ke jikin mutum ba. Wani bincike na 2019 da Mike Stembridge ya jagoranta ya nuna cewa 'yan Sherpa suna da jimillar himogulobin mai yawa, amma ruwan jininsu ma yana da yawa, shi ya sa kaurin bai hau ba. Saboda haka masana da dama ke ganin ƙarancin kaurin jini wataƙila ɗaya ne kawai daga cikin sakamakon sassauta HIF, tunda wannan furotin yana aiki a jijiyoyin huhu da mabiyiya da zuciyar ɗan tayi, kuma ɓerayen da aka rage wa EPAS1 a ɗakin gwaji sun fi tsira daga hawan jinin huhu idan aka ajiye su cikin ƙarancin oksijin. Game da EGLN1 kuwa, wanda aka ƙiyasta sauyinsa ya auku kimanin shekaru 8,000 da suka wuce, har yanzu ɗakunan bincike suna saɓani a kan ko sauyin ƙara masa ƙarfi ya yi ko rage masa. Kuma kariyar tana da iyaka: makiyayan Tibet da ke zaune a sama da mita 4,500 su ma himogulobin ɗinsu yana hawa, ana samun masu ciwon kaurin jini a cikinsu, musamman dattawa maza da masu shan taba da waɗanda huhunsu ya riga ya taɓu.